Ramin ƙarya ƙurarre ne: to ina aka bar Tony Blair?

Ɗan Kwari: Jama'a ku raba mu. Jiya a majalisa muka yi cacar baki da yayana kan ko maƙaryaci yana sake cin zaɓe. Na ce masa ramin ƙarya ƙurarre ne, sai ya jefo min Tony Blair, tsohon firaministan Birtaniya. Wai a 2003 ya bi Bush, shugaban Amurka na lokacin, zuwa yaƙin Iraƙi da hujjar makaman ƙare dangi, ba a samu makaman ba, amma a Mayun 2005 jam'iyyarsa ta Labour ta sake cin zaɓe karo na uku. Ina ƙurewar?

Tsohon Hedimasta: Lokacin kunnena na kan rediyo, mu nan duk mun ɗauka ya gama yawo. Wajen mutum miliyan guda suka fito zanga-zanga a Landan a Fabrairun 2003, daga baya ministansa Robin Cook ya ajiye muƙaminsa saboda yaƙin. Amma ka gaya wa yayan naka rinjayen Labour a majalisar dokoki ya faɗo daga kujeru sama da 160 zuwa 66, da ƙuri'a kashi 35 cikin ɗari. A 2007 Blair ya miƙa wa Gordon Brown, ɗan jam'iyyarsu, mulki. Ramin ya ƙure, a hankali dai.

Bazazzagi: Malam, shekara goma a kan kujera ai ba ƙurarren rami ba ne, rijiya ce gaba dubu. Ni maganar da na gani a nan, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Michael Howard na 'yan Conservative, babban abokin takararsa, shi ma ya goyi bayan yaƙin. Charles Kennedy na jam'iyyar Liberal Democrats da ya ƙi, kujeru 62 jam'iyyarsa ta tashi da su.

Maman Husna: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Ta ce a ƙauyensu wani saurayi ya shigo da dare yana ihu, wai ya ga kura ta shige cikin tarin karan mutane a bayan gari. Aka fito da sanduna, wani ya kawo wuta, aka ƙone karan ƙurmus, har da harawar wata gwauruwa. Gari ya waye ko sawun kura babu. Da kaka ta yi aka zo naɗin sarkin samari, sai ga shi shi aka ba. Na ce Iya, don me? Ta ce ɗayan mai neman ai shi ya kawo wutar. Gwauruwar kuwa ta sayar da akuyoyinta, ba wanda ya ce mata sannu. Iya ta rasu tana cewa ta yiwu yaron da gaske ya ga wani abu.

Bazazzagi: Amin. Namu na nan ko kurar ba sa wahalar ƙirƙirowa, taliya da atamfa sun wadatar.

Ɗan Kwari: Akwai wanda sau uku yana ƙaddamar da gada ɗaya a unguwarmu, har yau da kwalekwale muke tsallakawa.

Tsohon Hedimasta: Ku bar batun gada. Churchill fa yana firaministan Birtaniya ya ci yaƙin duniya na biyu a 1945, a shekarar kuma Attlee na Labour ya kayar da shi a zaɓe. Baturen Ingila aljihunsa da asibitinsa yake dubawa kafin Bagadaza.

Maman Husna: Ni dai tun ɗazu gwauruwar nake ji. Mutanen birnin Basra na Iraƙi wa ya tambaye su?

Bazazzagi: Ɗan Kwari, kwalekwalen nawa ne kuɗin fito? Ko shi ma na mai gadar ne?