Idan AI ya duba kod, sai mutum ya sake dubawa kafin a haɗe?

Bashir: Jama'a, ga matsayata. Idan canji bai wuce layi ɗari ba, gwaje-gwaje sun tafi lafiya, ejan na AI (manhajar da ke duba kod da kanta) kuma ya bi dif ɗin, wato jerin layukan da aka canza, layi-layi bai ajiye sharhi ko ɗaya ba, a haɗe canjin da babban kod kawai. Ku tuna kuskuren Apple na 2014: layin `goto fail;` ne ya fito sau biyu a jere, sai aka tsallake tantance sa hannu. Kuskuren Heartbleed ma, a OpenSSL, manhajar ɓoye sirrin sadarwa, rashin duba tsawon saƙo ne, mutum ya duba ya wuce, ya zauna sama da shekara biyu. Idon mutum yana gajiya, na'ura ba ta gyangyaɗi.

Injiniya Hauwa: Malam Bashir, misalan naka duk kurakurai ne da ke cikin layin da aka taɓa. To wanda ke waje fa? Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, idan ba a canza masa saiti ba, layi uku yake nunawa sama da canji, uku ƙasa. A ce fankshin, wato ɓangaren kod mai yin aiki guda, yana mayar da lokaci a daƙiƙa, wani ya sa ya koma mayar da shi a milisakan. Dif ɗin tsaf yake, layi biyu ne kawai. Amma akwai fayil huɗu da ke kiran fankshin ɗin, ɗaya yana lissafin wa'adin fitar da mai amfani daga asusunsa. Ejan da dif kaɗai aka ba shi zai yi shiru, shirun kuma ba shaida ba ce.

Bashir: Ai sai a buɗe masa ma'ajiyar kod gaba ɗaya, ya yi bincike da kansa.

Malam Usman: A buɗe masa, amma a san irin mabuɗin da aka miƙa. Ejan yana karanta bayanin buƙatar haɗewa da sharhin da ke cikin kod, kuma ba ya rarrabe umarninka da rubutun baƙo yadda ya kamata. Wani zai iya binne jimla a fayil yana ce masa ya rabu da umarnin farko, ya ce komai lafiya. A GitHub Actions, tsarin da ke gudanar da ayyuka kai tsaye a dandalin ajiye kod na GitHub, buƙatar haɗewar da ta zo daga kwafin wani ta hanyar `pull_request` ba ta samun sirrika, wato mabuɗai da kalmomin sirri, izinin karatu kawai gare ta. Da `pull_request_target` kuwa ana samun su. Nan mutane ke faɗawa rami: suna son ejan ya iya rubuta sharhi, sai su koma na biyun, su kuma gudanar da kod ɗin baƙon a ciki. A ba shi karanta kod da rubuta sharhi, shi ke nan. GitHub da kansa, Copilot, mataimakinsa na AI, sharhi kawai yake bari, ba a ƙirga shi cikin amincewar da ake buƙata.

Zainab: Ni abin da ya fi damuna surutu ne. Sharhi talatin a canji ɗaya, yawancinsu kan sunayen da aka sa wa abubuwa a kod da waƙafi, sai na gaskiyar, a ce tambayar SQL zuwa rumbun bayanai da aka haɗa da rubutun mai amfani kai tsaye, ya nutse a tsakiya. Mako biyu, kowa ya koyi danna rufewa bai karanta ba. Maganin: ESLint ko Ruff, manhajojin duba tsarin rubutun kod, su fara wucewa, su kwashe maganar tsari. A cire fayilolin da na'ura ta samar, kamar `package-lock.json`, daga abin da ejan zai gani. A rubuta masa cewa duk sharhi ya faɗi shigarwar da za ta karya kod ɗin, in ba zai iya ba ya haƙura. Sannan a lissafa masa lambar layi daga kan dif, kada a bar shi ya ƙirga. In ya nuna layin da ba ya cikin dif, GitHub zai mayar da kuskure 422.

Injiniya Hauwa: Ƙari a kan na Malama Zainab, maɓallin karɓar shawarar gyara. Dannawa ɗaya gyaran ya shige reshe, wato kwafin kod ɗin da ake aiki a kai. A Python, shawarar da ta zame da tazara huɗu tana fitar da layi daga cikin `if`, kuma kod ɗin zai gudu lafiya lau. Dole gwaji ya sake gudana bayan karɓa. Kuma ka ba ejan dif ɗaya sau biyu, ba lalle ya ba ka sharhi iri ɗaya ba.

Bashir: Na ji. Amma gyaran rubutu a takardar bayani ma sai an jira mutum?

Malam Usman: A nan CODEOWNERS, fayil ɗin da ke faɗin wanda ke da alhakin kowane ɓangaren kod, ya raba gardama. Manyan fayilolin shiga asusu, biyan kuɗi da sauya tsarin rumbun bayanai a ɗaura su ga masu su, a kunna dokar reshe mai tilasta amincewarsu. Takardun bayani a sassauta.

Injiniya Hauwa: A sa fayilolin gini da na gwaji cikin na farkon, Malam. Ƙofar bayan, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, da aka gano a xz, manhajar matse fayiloli, a 2024, cikin fayilolin gwaji da rubutun gini aka ɓoye ta.