Hutun rashin lafiya don jinyar Baba: haƙƙi ne ko shaidar zur?

Yaya Babba: Salamu alaikum. Gigin tsufan Baba ya ƙaru. Jiya da asuba aka tsince shi wajen Ƙofar Doka a Zariya, ba takalmi, yana tambayar hanyar gidan mahaifiyarsa da ta rasu tun kafin a haife ni. Mai shayi ne ya gane shi, ya rako shi gida. Na yanke shawara zan nemi takardar likita in ɗauki hutun rashin lafiya a kamfaninmu in zauna da shi. Ban ga laifi a ciki ba. Ciwon mahaifina ciwona ne.

Kawu: Wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka 'yata, amma ban goyi baya ba. Sashe na 16 na dokar ƙwadagon Nijeriya ya ba ma'aikaci kwana 12 a shekara da albashinsa, amma sai in shi kansa ne ba lafiya, likita ya tabbatar. In kika sa likita ya rubuta ke ce kwance alhali kina tsaye, kin jawo shi cikin shaidar zur. Kuma albashin kwanakin nan, da wane suna za ki ci shi?

Auta: Kawu, a yi mini afuwa. Hutun shekarar da dokar ta wajabta kwana 6 ne kacal, Yaya ta cinye nata wajen kai Baba asibitin Shika. Ta bar shi ya sake fita ke nan? Allah da kansa ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli, aya ta 70, mutum ya koma bai san komai ba bayan ya sani.

Kawu: Ayar gaskiya ce ɗana. Ba ta halatta ƙarya ba.

Anti Nas: Ku tsaya, duk kun tsallake abu ɗaya. Gigin tsufa ba zazzaɓi ba ne da kwana 12 zai kawar. Ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa a hankali, ana shekaru ana fama, magani sai dai ya rage wasu alamun. Kun lura ruɗewarsa ta fi tsananta daga la'asar zuwa dare? Haka ciwon yake. Ran Juma'a ina miƙa masa fura ya riƙe hannuna yana kira na da sunan ƙanwarsa, na amsa kawai, don gyara masa zance tayar masa da hankali yake yi. To in hutun ya ƙare, wa zai kwana da shi?

Yaya Babba: Wallahi Anti, wata uku ban yi barcin kirki ba. Mukullin ƙofar zaure a ƙarƙashin matashina yake kwana.

Anti Nas: To ke ma ki je a auna jininki. In likita ya ga kina buƙatar hutu, wannan naki ne halal. In ba haka ba, ya rubuta gaskiyar halin Baba, ki kai wa shugabanki ki nemi uzuri ko hutu ba albashi. A Amurka tun 1993 doka ta ba da har mako 12 don jinyar iyaye, ba albashi amma aikinka na jiranka. Tamu dokar ba ta tanadi haka ba, sai roƙo.

Auta: In ya ƙi fa?

Kawu: Ni zan raka ta ofishin da kaina. Daren Litinin da Alhamis kuma ku bar mini Baba.

Auta: Na ɗauki Asabar da Lahadi. Amma Kawu, in suka hana ta, ra'ayina bai canza ba.