Lambobin waya suna ɓacewa tsakanin Google Sheets da manhajar adashe

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum. Wanda ya taɓa haɗa manhajar Android da Google Sheets ya taimaka ya duba mini wannan.

Gwaggona ce uwar adashen wasu mata a kasuwar Asawase, nan Kumasi. Yaran da ke zagayawa karɓar zubi suna amfani da manhajar da na rubuta musu, sakatariyarta kuma jadawalin Sheets ta saba da shi, ba ta da niyyar barinsa. Da can ta API na 3, wato ƙofar da Google ya buɗe wa manhajoji su shiga Sheets, nake janyo bayanan, wanda ake liƙa alt=json a ƙarshen adireshi. Da aka rufe shi a watan Agusta 2021 sai na koma gviz, wata hanyar Google ta karanta jadawali ta adireshinsa, tunda ba ya neman mabuɗi, wato lambar sirrin shiga.

Yanzu lambobin wayar wasu matan fanko suke zuwa a manhaja, alhali ga su nan a jadawalin ina kallo da idona. Yaro ya je rumfa bai tarar da mai zubi ba, ba lambar da zai kira. Na biyu, ina so yaran su riƙa shigar da zubi daga wayarsu maimakon a kwafa daga littafi da yamma. Kuɗin mutane ne, ba na son ko pesewa ɗaya ta salwanta ta hannuna.

Yayan Nima:

Wa alaikumus salam ƙanena. Lambobin suna nan, gviz ne ke ɓoye su. An yi shi ne don zana taswirar alƙaluma, shi ya sa yake ɗaukar kowane layin tsaye a matsayin iri guda, ko lamba ko rubutu. In an gauraya, irin da ya fi yawa shi ke cin layin, sauran su dawo fanko. Haka QUERY, umarnin tace bayanai na Sheets, ma ke yi a cikin jadawalin. Ina kyautata zaton wasu lambobin an buga su tsurarsu sun zama adadi, sifirin farko ya faɗi, wasu kuma an sa tazara ko layi a tsakani sun zama rubutu. Ka mai da layin gaba ɗaya rubutu zalla, sannan ka bi ka mayar da sifirin da ya faɗi. Lambar Ghana goma ce, duk wadda ka ga tara ka san inda ciwon yake.

Rubutu kuwa, gviz karatu kawai yake yi. Ka koma API na 4, yana nan tun 2016. Yi amfani da append wajen ƙara layi, ka zaɓi RAW, mai ajiye abu yadda ka turo shi, don in ka sa USER_ENTERED zai fassara lambar kamar an buga ta da hannu, sifirin ya sake tafiya. Akwai iyaka: kira 60 a minti ga mai amfani ɗaya, 300 ga aikin duka. In ka wuce za ka sami kuskure mai lamba 429. Saboda haka tara zubin ka tura a dunƙule.

Maman Zainab:

Ɗana, tsaya tukuna. Ka ce ba ya neman mabuɗi. To ke nan jadawalin a buɗe yake ga duk mai adireshin? Sunayen matan nan, lambobinsu, da abin da kowacce ke zubawa a rana? Adireshin yana cikin manhajar, mai ɗan sani zai zaro shi. A wannan zamani da 'yan damfarar momo, wato kuɗin waya, ke kira suna ambaton sunan mutum, wannan ya fi lambobin da suka ɓace tayar mini da hankali. Akwai ma dokar kare bayanai ta 2012, doka mai lamba 843. Rufe shi yau, sauran gyaran ya biyo baya.

Ɗan Aboabo:

Na rufe, Mama, Allah ya saka da alheri. Yaran za su yi aiki da littafi kafin na gama. Yaya, na duba, kamar yadda ka faɗa ne. In na buɗe asusun manhaja na ba shi izinin jadawalin, in sa mabuɗinsa a cikin wayoyin?

Yayan Nima:

A'a, kada ya shiga waya ko ɗaya. Ka rubuta ɗan Apps Script, wato ƙaramin shiri da ke gudana a wajen Google, da zai tsaya a tsakani, ya tantance yaron sannan ya rubuta, ka sa LockService don kada biyu su rubuta lokaci guda.

Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne dogaro da lambar layi. Ranar da sakatariya ta jera sunaye daga A zuwa Z, layi na 40 ya zama na wata, zubin Hajiya ya hau kan na maƙwabciyarta. Kowane zubi ya sami lambar shaidarsa tun daga wayar, a ajiye shi a SQLite, ma'ajiyar bayanai ta cikin wayar, har sai amsa ta dawo. Intanet yakan yanke a cikin kasuwa bayan saƙo ya isa, wayar ta sake turawa. Da lambar shaidar za a gane an riga an karɓa. Kuma ka ware wa manhajar shafinta da ba mai taɓawa da hannu, sakatariya ta yi lissafinta a wani shafin da ke janyowa daga can. Yaran nawa ne ke karɓar zubin, kuma kowa da wayarsa ko karɓa-karɓa suke yi?