Rawar bush a Sidni, sabon shiga zai iya kuwa?

Ummi_Sidni:
Salam 'yan uwa. Ina son shiga ƙungiyar masu rawar gargajiyar Ostireliya, wadda suke ce ma bush dance, amma wallahi ban iya komai ba kuma ba ni da abokin rawa. Dole sai da wani ake zuwa?

Baban_Hanif:
Wa alaikumus salam. Je ki abinki ƙanwata, akwai mai kira yana tsaye da makirfo, shi zai koya muku takun kafin kiɗa ya tashi, ku yi layi biyu, ku juya, ku canza hannu, ko kin ɓata dariya kawai za a yi a ci gaba. Tunda a Sidni kike ki nemi Bush Music Club, tun 1954 suke.

Anti_Laure:
Ni kiɗan ne ma ya fi tafiya da ni, makaɗa ne a gabanki da gogen Turawa da akodiyon, sai lagerphone, sanda ce da aka kafe mata marafan kwalba, ana buga ta a ƙasa tana kacau-kacau. Yawancin raye-rayen daga Ingila da Ayalan da Sikotilan suka samo asali. Ki sa takalmi mara tsini don Allah, rawar da ake kira Strip the Willow juyi ne ba ƙaƙƙautawa har jiri ya ɗebe ki.

Sadiq_Kanbera:
Amma fa ki sani maza da mata ana riƙe hannu, wasu rawar ma canza abokin rawa ake ta yi.

Ummi_Sidni:
Na gode Anti, na gode Yaya. To bari in fara zuwa kallo tukuna. Ana biyan kuɗin shiga?

Baban_Hanif:
Eh, yawanci a bakin ƙofa.