Ihu bayan hari ko kyanwar Lami?

Ɗan Aji Uku:
Assalamu alaikum. Malaminmu na tarihi ya ce ƙungiyar ƙasashe ta League of Nations, mai hedikwata a Jeneba, da aka kafa a 1920 bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ihu bayan hari ce, haka ma Majalisar Ɗinkin Duniya. Ni dai karin maganar ba ta kwanta mini ba, amma na kasa faɗin dalili. Manya, ku warware mini.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kunnenka bai yaudare ka ba. Mai ihu bayan hari shi ne wanda mahara suka kora shanu suka yi nisa, sannan ya fito da kibiya yana kururuwa. Ko ɗan maraƙi ihun ba zai dawo da shi ba. To garin da aka kai wa hari, gari na wayewa mutane suka fito suna kwaɓa ƙasa suna tada ganuwa, wa zai ce ihu suke yi? Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya kawo shawarar kafa ƙungiyar nan tun Janairun 1918, yaƙin ma bai ƙare ba. Harin gaba yake hange.

Uwar Biyu:
Allah ya gafarta Malam, ganuwar da maginin ya ƙi kwana a cikinta? Majalisar Dattawan Amurka ta yi watsi da yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar, har ƙungiyar ta mutu a 1946 Amurka ba ta shiga ba. Ni kyanwar Lami zan ce, ba cizo ba yaƙushi. Japan ta mamaye yankin Manchuria na ƙasar Sin a 1931, aka tura kwamiti, ya rubuta rahoto, Japan ta kaɗe riga ta fice a 1933.

Tsohon Hedimasta:
Hajiya, naki ya fi na malaminsu zama. Amma akwai wurin da ihu bayan hari ya zauna daram. Italiya ta afka wa Habasha a Oktoban 1935, alhali dukansu 'yan ƙungiya ne. Aka ƙaƙaba takunkumi, sai dai ban da man fetur, mashigin Suez kuma a buɗe, jiragen ruwan Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya, na wucewa da sojoji. Da Sarkin Habasha Haile Selassie ya tsaya gaban taro a Jeneba a Yunin 1936, Addis Ababa ta riga ta faɗi. Sai dai ba shi ya makara ba, tun kafin harin yake kai ƙara.

Na Mubi:
Baba, ashe nan fargar Jaji ce ta masu sauraro. Mu ma ƙungiyar ta taɓa mu. Da aka ƙwace Kamaru daga hannun Jamus, a ƙarƙashinta aka ba Ingila riƙon yankinmu, sai a 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama muka zaɓi Najeriya. Kakana har ya rasu yana ba da labarin layin ranar.

Uwar Biyu:
Ita kam Majalisar an yi mata haƙora. Da ƙasashe 50 suka sa hannu a San Francisco a Yunin 1945, an ba Kwamitin Sulhu ikon amfani da ƙarfi. Sai aka damƙa wa Amurka, Ingila, Faransa, Sin da Tarayyar Sobiyet kujerar naƙi. Ɗana, ka kai wa malaminku wannan: kyanwar da ba ta cizon mutum biyar, me ake ce mata?

Ɗan Aji Uku:
Mama, ni zan tambaye shi? Shi ke duba mana jarrabawa fa.