Tsohon injin jirgin ruwa a Kabala Doki, wa ya san irinsa?

Ɗan Kabala:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar tsofaffin injina a taimaka min. Kawuna marigayi, Allah ya jiƙansa, ya bar wani jirgin ruwa na ƙarfe a bayan gidansa nan Kabala Doki a Kaduna, an ce gwanjonsa ya sayo daga wajen Lokoja da niyyar ɗibar yashi amma abin bai yiwu ba, tun muna yara yake ajiye a wurin kan wasu duwatsu. Tsawonsa zai kai ƙafa talatin ko ƙasa kaɗan. Injin yana ciki har yanzu, silinda biyu ne, akwai sauran koren fenti a jikinsa, fulawil ɗinsa (faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa) ƙato ne sosai kuma da handul ake tayar da shi, sannan a gefen kan kowace silinda akwai wani ɗan abin murɗawa mai zagaye. Akwai farantin tagulla a jiki amma datti ya cinye shi, DURSLEY kawai na iya karantawa. Mun sa handul mu biyu ko motsi bai yi ba.

Yanzu dai za a yi rabon gado kuma 'yan gwangwan sun riga sun fara zarya, wai su yanka su auna a kilo. Ni kuma raina bai ba ni ba wallahi. Wane irin inji ne wannan, na wace shekara, kuma zai tashi ko in haƙura?

Baba Makanike, Tsohuwar Panteka:
Wa alaikumussalam ɗana. Da farko ka aje handul ɗin nan, kar ka ƙara bari ƙarti su hau kansa, injin da ya shekara a zaune ringi ya manne da silinda in ka matsa masa da ƙarfi ringin zai karye ko ka lanƙwasa sandar fistin, daga nan kuma gyara ya zama na kuɗi.

Dursley gari ne a Ingila, nan kamfanin Lister yake. Wato Lista ce dai irin wadda muka sani a gidajen niƙa da tsofaffin janareto, sai dai taka ta ruwa ce. Abin murɗawan da ka gani a gefen kai shi ya sa nake zargin samfurin JP2 ce. Aikinsa shi ne in za ka tayar da safe ka murɗa shi ciki, matsin iska ya ƙaru inji ya kama da sanyi, in ya ɗau zafi ka warware shi waje ya ci gaba da aikinsa. Lista masu sanyaya kansu da iska irin SR da ST ba su da wannan, su za ka ga silindarsu da tsaga-tsaga an rufe da kwano. Taka ruwa ke sanyaya ta.

Farantin nan kar ka sa masa sanfefa ko buroshin waya, tagulla ce mai laushi za ka goge lambar gaba ɗaya. Kananzir da tsumma da tsohon buroshin haƙori, a hankali, sai ka haska tocila daga gefe rubutun zai fito. Ka kawo mana duk abin da ke jiki.

Injiniya Kakuri:
Baba ya gama magana kan injin, in ƙara kaɗan. In ka ga harafin M bayan JP2 to daga masana'anta na ruwa ne, ba wai wani ne ya ciro na niƙa ya dasa a jirgi ba, don ana yin hakan sosai. Ka duba bayansa ko akwai giyabos mai liba ɗaya, gaba da baya kawai, da tankin baƙin mai daban a gefe. Shekara kuma, Lista na bayan 1950 lambar ƙarshe ita ce shekara, ka tara ta da 1950, misali in ka ga 8 to 1958 kenan. Waɗanda suka girme su ba a rubuta musu JP ba ma, 18/2 za ka gani, doki 18 silinda 2.

Amma ni abin da ya fi damuna jirgin ne ba injin ba. Inji ƙarfen zubi ne mai kauri, yana jure zama. Jikin jirgi kuwa falle ne, kuma mutane na duban waje alhali daga ciki yake ruɓewa, inda ruwan sama ya kwanta shekara da shekaru a ƙasan injin da gindin haƙarƙarin jirgin da can baya wajen da shaf, sandar da ke juya farfela, ya fita. Ka kwashe duk ƙasa da shara, ka samu ƙaramar guduma ka bi shi kana ƙwanƙwasawa, wuri mai lafiya zai yi ƙara tas, ruɓaɓɓe zai amsa a dushe ko ma gudumar ta faɗa. Kuma kar tulin tsatsa ya tsorata ka, tsatsa tana kumbura ta ninka ƙarfen da ta ci sau da yawa, wani lokacin ka kankare ɓawo mai kauri ka tarar da sauran ƙarfe mai kyau a ƙasa. In za ka iya samun masu na'urar auna kaurin ƙarfe da sauti, irin wadda ake auna tankuna da bututu, ya fi. In babu sai a huda ƙananan ramuka a wuraren da ake zargi a auna a toshe.

Abu ɗaya kuma: faranten jikin haɗin walda ne ko ribit? Ina nufin jerin ƙusoshi masu mulmulallen kai a layi.

Ɗan Kabala:
Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya ƙara girma. Oga Injiniya na gode. Kananzir ya yi aiki, JP2M ce kaman yadda kuka ce, lambar ƙarshe 6, akwai kuma 1200 a wurin gudu. Giyabos na nan da libarsa. Jikin jirgin kuma ribit ne tun daga gaba har baya, sai wasu faci biyu na walda a ƙasa.

Injiniya Kakuri:
Toh 1956 kenan, kuma a gudu 1200 doki 21 take bayarwa. Jirgin kuwa mai yiwuwa ya girmi injin, don tun shekarun 1940 walda ta fara ture ribit a ƙera jirage, ko da yake ƙananan wurare sun daɗe suna bugawa bayan nan. A zamanin Turawa jiragen ƙarfe da yawa sun yi aiki tsakanin Burutu, Lokoja da Baro, wasu a gutsure ake kawo su daga Ingila a haɗa a nan, ba abin mamaki ba ne a canza wa jirgi inji daga baya.

Ka ja kunnen mai waldan da za ka kira. Zafin walda kusa da layin ribit yana sassauta su, ka toshe rami ɗaya yoyo ya ɓullo a wuri biyar. A yi ɗigo-ɗigo ana bari yana hucewa. Kuma ni ban yarda da ɗora faci kan ruɓaɓɓen wuri ba, ruwa na shiga tsakani ya ci gaba da ci ba ka gani, a yanke wurin a sa sabon falle daidai kaurinsa. Bayan an kankare har ƙarfe ya yi fari a shafa jan fenti a ranar, kar a kwana, sannan baƙin fenti mai kwalta a ƙasa. In wani ya ce ka ɗaura masa dunƙulen zinki don hana tsatsa, wannan na ruwan gishiri ne irin na Legas, ruwan daɗi magniziyam ake sa wa.

Abban Yusra:
Ni fa ku yi haƙuri zan faɗi gaskiya. Ko ya tashi a ina za a tuƙa shi? Kogin Kaduna da rani duk duwatsu ne da yashi, jirgi mai farfela a ƙasa ba zai je ko'ina ba, da damina kuma Agusta zuwa Satumba ruwan nan ba abin wasa ba ne. Sai dai a ɗora shi a tirela a kai dam ɗin Shiroro ko Kainji, ga rajistar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ga rigunan ruwa. Masu yashi kwalekwale suke so, masu fito kuma Yamaha suke ratayawa a baya su wuce. Ga magada na jiran haƙƙinsu. Ka cire injin ka riƙe in kana sha'awa, gangar jikin a sayar.

Baba Makanike, Tsohuwar Panteka:
Abban Yusra maganar magada gaskiya ce, a yi wa jirgin kuɗi a gaban kowa, yaron nan ya biya ko a cire a kasonsa, shikenan ba rigima. Amma a bar wa 'yan kilo JP2M mai giyabos ɗinta, a'a.

Ɗana ga yadda za ka yi. Ka cire nozul biyun, wato masu fesa mai cikin silinda, ka zuba gas haɗe da man giyabos na atomatik ta ramin, ka rufe da tsumma ka bar shi sati biyu ko uku kana ƙarawa. Kullum ka kama fulawil da hannu ka ɗan girgiza shi gaba da baya, ba juyawa ba. In ya ƙi sai a cire kai a ɗora guntun katako kan fistin a riƙa bugawa a hankali. Notinansa na Ingila ne na da, sifanar milimita ba ta zama daidai, za ta cinye musu kai, ka zo Panteka wajen masu tsofaffin kaya ka nemi sifanar Witwot. Famfon mai da nozul kar ka buɗe su da kanka, ka kai wa masu injekta. Faɗin silindarta inci huɗu da rabi ne, ɗaya da Lista ta niƙa mai doki shida da Indiya ke kwaikwaya har yau, don haka ana iya dacewa da ringi, amma a tafi da tsohon a gwada kauri kafin a biya. Hanyar ruwan cikinta ma za ka same ta cike da laka, sai an wanke.

Ranar tayarwa kuma a ajiye katako kusa da bakin shan iska, in ta kwasa da gudu ta ƙi tsayawa a toshe. Kar ka yi ranar ba ni, ka turo min saƙo ta ciki in zo da yarana.

Ɗan Kabala:
In sha Allah Baba. Na yi magana da babban yayanmu ya ce a dakatar da 'yan gwangwan zuwa bayan sallah. Oga Injiniya na bi shi da guduma ɗazu, gaba da gefe suna ƙara lafiya, amma ƙarƙashin injin gudumar ta shige har wuri biyu. Sai an ɗaga injin kenan kafin a yanke wurin, ko akwai dabara?