Umara karon farko: ejan na matsa mini in biya yau

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Ni da mahaifiyata za mu tafi Umara in sha Allahu, karonmu na farko. Wani ejan ya turo mini takardar jirgi ta WhatsApp, ya ce in tura kuɗi yau kafin kujerun su ƙare. Ku taimaka da shawara.

Alhaji na Fagge: Wa'alaikumus salam. 'Yata, kada ki tura ko kwabo tukuna. Duba takardar. In haruffa shida na shaidar kama kujera (booking) kaɗai kika gani, kujera aka kama, ba a biya ba, kamfanin jirgi kuma zai soke ta in lokaci ya cika. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. Ni da kaina an yi mini. Na isa filin jirgi da kayana, 'yan rakiya mota guda, aka ce babu sunana. Wayar ejan a kashe. Wallahi kunyar komawa gida ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo. Ki je ofishinsu da ƙafarki, ki biya a asusun kamfani, a ba ki rasit, kada ki tashi sai kin ga lambar a shafin kamfanin jirgin.

Malamin Makaranta: Gaskiyar Alhaji. Ki kuma bincika ko suna da lasisin NAHCON, hukumar alhazai ta Najeriya.

Hajiya ta Maraɗi: Ƙanwata, a Madina za a tare ki, wani ma da Hausa, a ce a kawo riyal a shigar da ke Rauda. Izinin kyauta ne a manhajar Nusuk. Ki nema da wuri, na mata yana saurin cika. Ziyarar Uhudu da Ƙuba kuwa, ku gama ciniki kafin ku shiga mota: kuɗin zuwa da dawowa ne, kuma na mota ne ko na kowane kai?

Maman Biyu: Jirgin ƙasan Makka zuwa Madina fa? Shi ma ya ce zai saya mana.

Malamin Makaranta: Na Haramain? Saya da kanki a manhajarsu ko a tasha. Tafiyar kusan kilomita 450 ce, awa biyu da rabi. Zai fi wa mahaifiyarki sauƙi a kan bas.

Alhaji na Fagge: In kuma ejan ya ce ku tsaya har Hajji da bizar Umara, ki rabu da shi nan take. Tara ce da kora.

Maman Biyu: Na duba, Baba, babu lamba 13 ɗin. Gobe yayana zai raka ni ofishin. Allah ya saka da alheri.